Wuƙa Ta Bi Ta Inda Siffa Ta Biyo: Lacca a Kan Hanyar Jan Fasali a Injin CNC

 Duk wanda ya tsaya a gaban injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, yana kallon wuƙarsa tana cin katako ko ƙarfe, injin ne ke fara ɗauke masa hankali: ƙarfin motarsa, saurin juyinsa, da maƙudan kuɗin da aka sayo shi. A yau ina so mu kawar da ido daga kan injin, mu dubi abin da ba ya bayyana a fili, wato hanyar da manhaja ta shata wa wuƙar tun kafin a kunna wuta. Inji ba ya da ra'ayin kansa, inda aka ce ya bi nan zai bi, ko da hanyar ta wauta ce. Saboda haka inji biyu iri ɗaya, da wuƙa iri ɗaya da katako iri ɗaya, za su iya fitar da aiki biyu da ba su yi kama da juna ba, ɗaya sumul, ɗaya kuma sai yaron shago ya wuni yana goga shi da samfefa. Abin da zan kare a wannan zama shi ne: idan siffar da za a sassaƙa ta samu ne ta hanyar jan fasali guda a kan layi guda, to hanyar wuƙa mafi dacewa da ita ita ce wadda ta maimaita wannan jan. Mai aikin da ya ƙyale ta ya koma wa hanyar kai-komo, mai share fili layi bayan layi, don ita hannunsa ya saba da ita, yana biyan kuɗin wannan sabo da lokaci, da man janareta, da kyawun aiki.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Magini mai yin kwalliyar siminti a bakin taga ko ta filasta a gindin silin yakan yanke ɗan ƙarfe a kan fasalin da yake so, ya kafa miƙaƙƙen katako a bango, sannan ya ja ƙarfen a kan katakon cikin ɗanyen kwaɓi, sai kwalliyar ta fito iri ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abu biyu kawai ya yi amfani da su: fasalin da ya yanke, da layin da ya ja shi a kai. A cikin manhaja ma haka abin yake. Ana zana layin fasali, wanda ke nuna yadda aikin zai kasance idan aka datse shi a tsakiya aka dubi bakin datsin, ana kuma zana layin jagora, wanda ke nuna inda za a ja fasalin, ko miƙe, ko a lanƙwashe, ko a zagaye. Daga waɗannan biyu manhaja ke fitar da hanyar wuƙa kai tsaye, ba tare da an gina cikakkiyar surar abin ba. A manhajar Mastercam, wadda kamfanin CNC Software na jihar Konetikat a Amurka ya fara tun 1983, akwai Swept 2D mai karɓar fasali ɗaya da jagora ɗaya da ke kwance a fili guda, akwai kuma Swept 3D da ke yarda a ba shi jagora biyu, ko fasali biyu da ɗaya zai rikiɗe ya koma ɗayan a kan hanya. Kamfanin Vectric na Ingila, mai VCarve da Aspire da kafintoci da masu allunan talla suka fi amfani da su, ya sa wa tasa suna Moulding Toolpath. Sunaye sun bambanta, tunanin ɗaya ne.

Kuma tunanin ya girmi dukkan waɗannan manhajoji. A ƙarshen shekarun 1940, John Parsons da Frank Stulen a jihar Mishigan suna amfani da katunan lissafi masu huji don fitar da lambobin da za a yanke ma'aunin fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi a cikin al'amarin, kuma a 1952 cibiyar MIT ta nuna injin sassaƙar ƙarfe da ke karɓar umarni daga tef mai huji. Nan da nan aka gane cewa ƙera injin ya fi sauƙi a kan gaya masa inda zai bi. Daga 1956 Douglas Ross da abokan aikinsa a MIT suka shiga haɗa harshen APT, kuma yadda wannan harshe ke bayyana tafiyar wuƙa abin lura ne: akwai farfajiyar da ƙasan wuƙa ke hawa, akwai farfajiyar da gefenta ke bi tana yi mata jagora, akwai kuma wadda in ta isa gare ta za ta tsaya. Wato tun farko masu wannan fanni sun ɗauki sassaƙa a matsayin bin jagora. Hanyar kai-komo, wadda ke share fili layi bayan layi ba ruwanta da abin da ke ƙarƙashinta, ta samu karɓuwa ne don tana aiki a kan kowace irin siffa, daga fuskar zaki zuwa ganyen fure. Wannan kuwa falala ce babba, amma ita ce kuma rauninta: hanyar da ba ta tambayi yadda siffa take ba, ba za ta iya cin moriyar tsarin da ke cikin siffar ba.

Yaya manhaja ke lissafa hanyar jan fasali? Wuƙar gama aiki yawanci mai mulmulallen baki ce, kamar rabin ƙwallo. Irin wannan wuƙa ba kullum take taɓa aiki da tsininta ba. A wuri mai shimfiɗa tsinin ne ke taɓawa, a gangare kuma gefen bakin ne. Don haka manhaja takan ɗauki layin fasali ta sa masa ɗigo-ɗigo a tazarar da aka ba ta, a kowane ɗigo ta duba inda farfajiyar ta fuskanta, ta matsar da cibiyar ƙwallon zuwa wannan fuska gwargwadon rabin faɗin wuƙar. Abin da ke fitowa daga kowane ɗigo lambobi biyu ne kacal: nisan da wuƙa za ta kasance daga layin jagora, da zurfin da za ta sauka. Sai manhaja ta zana layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jagora a wannan nisa, ta sa wuƙa ta bi shi a wannan zurfi har ƙarshe, sannan ta koma ɗigo na gaba. Ku lura da sakamakon: muddin jagora na kwance a fili guda, wuƙa ba ta hawa ba ta sauka a tsawon kowane zagaye. Sandar da ke ɗaga ta tana tsaye cik, kuma a yawancin injunan katako wannan sanda ita ce mafi jinkiri, ita ce kuma inda ƙaramin sako-sako ke saurin bayyana a fuskar aiki.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon kowane ɗalibi ya riƙe. Idan wuƙa mai mulmulallen baki ta wuce sau biyu kusa da juna, takan bar ɗan tudu a tsakani. Tsayin tudun, a ƙiyasi mai kusa da daidai, shi ne a ninka tazarar da kanta, a raba da ninki takwas na rabin faɗin wuƙar. Wuƙa mai faɗin milimita 6, rabin faɗinta 3 ne, in aka ba ta tazarar milimita 0.6, tudun zai zama milimita 0.015, abin da yatsa ma da ƙyar zai ji. To amma hanyar kai-komo tana auna tazararta ne a shimfiɗe, kamar mai kallo daga sama. Idan farfajiyar ta karkata da digiri 60 a gicciyen tafiyar wuƙa, tazarar 0.6 da aka auna daga sama ta zama 1.2 a jikin gangaren, kuma tun da tudu yana ƙaruwa ne da ninkin tazara a kanta, sai ya ninka huɗu ya koma kusan 0.06. A digiri 80, tazarar ta kusa milimita 3.5, tudun kuma ya haura rabin milimita. Wannan ya wuce abin da samfefa za ta gyara ba tare da ta cinye kaifin kwalliyar ba. Kwalliyar ƙofa da ta firam kuwa cike suke da irin waɗannan wurare masu tsananin gangare, domin su ne ke ba ta inuwa da armashi. Hanyar jan fasali tana iya auna tazararta a jikin fasalin kansa, don haka inda gangare ya yi tsanani sai layukan su matso kusa da juna in an dube su daga sama, tudun ya tsaya kusan daidai ko'ina. Na ce tana iya, domin a wasu manhajojin sai mai aiki ya zaɓi hakan da kansa, kuma wanda bai duba wannan zaɓi ba ya zubar da rabin amfanin hanyar.

Bari mu gwada da aiki guda, mu bi shi da alƙalami. A ce za a sassaƙa firam ɗin madubi zagayayye, faɗinsa daga waje milimita 660, daga ciki 540, wato kwalliyar na da faɗin 60, amma in aka bi lanƙwasarta da zare za a samu 75. Da hanyar jan fasali a tazarar 0.6, wuƙa za ta yi zagaye 125, kowanne kimanin milimita 1,885, jimla kusan mita 236. Da hanyar kai-komo a wannan tazara, tafiyar yanka kimanin mita 188 ce kawai. A nan wani zai ce, ai ka kayar da kanka, ga kai-komo ta fi gajarta. E, ta fi gajarta, amma aikin da ta fitar ba shi ne aikin da ɗayar ta fitar ba. Kafin ta kamo santsin da jan fasali ya bayar a gangaren digiri 60 kawai, sai an rage tazararta zuwa 0.3, tafiyar ta koma kusan mita 377. A saurin mita 3 a minti ɗaya, muna maganar minti 79 ne a gefe guda, da minti 126 a ɗaya gefen. Kuma ba mu lissafa tsalle ba: layuka 1,800 daga cikin layukan kai-komo za su ratsa ramin tsakiyar firam ɗin, kowanne sai wuƙa ta ɗaga, ta tsallaka, ta sake nutsewa, kuma duk nutsewa tana iya barin tabo. Sannan akwai abin da lissafi ba ya kamawa amma ido na gani. Sawun wuƙar jan fasali yana bin kwalliyar ne a zagaye, har ya zama kamar wani ɓangare nata. Sawun kai-komo kuwa a sama da ƙasan firam yana bin kwalliyar, a dama da hagu yana gicciye ta, a tsakani yana yanka ta a karkace, kuma da an shafa fenti ko banish duk wannan zai fito fili.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba, ita ce girman umarnin da ake aika wa injin. Harshen da yawancin injuna ke ji, wanda ake kira G-code, yana da G01 na tafiya a miƙe, da G02 da G03 na tafiya a lanƙwasar da'ira. Zagaye ɗaya na firam ɗinmu, tun da da'ira ce a zurfi guda, layin umarni ɗaya zuwa huɗu ya ishe shi, gaba ɗaya aikin bai wuce layuka 'yan ɗaruruwa ba. A kai-komo wuƙa za ta ratsa kwalliyar kusan sau 4,000, in kuma kowace ratsawa ta kasu gaɓoɓi 50 don ta bi lanƙwasa, layuka 200,000 ke nan. Wannan ba matsalar wurin ajiya ba ce. Injin da ke tafiyar mita 3 a minti yana cin milimita 50 a daƙiƙa, in gaɓoɓin na rabin milimita ne, dole ƙwaƙwalwarsa ta karanta ta kuma tsara umarni 100 a kowace daƙiƙa. Manyan injunan masana'antu suna hango ɗaruruwan layuka a gaba, ba su damu ba. Ƙananan injuna masu aiki da manhajar GRBL a kan ƙwaƙwalwar Arduino layuka goma sha 'yan kai kawai suke hangowa, don haka sai su rage gudu ko su riƙa tafiya suna cijewa, wuƙa ta daɗe a wuri guda ta ƙona katako. Ke nan wanda injinsa ya fi rauni shi ya fi buƙatar hanya mai tsabta. Sai dai wannan riba tana da sharaɗi: layin jagora ya kasance da'ira ta gaske ko miƙaƙƙen layi na gaske. Jagoran da aka kwafo daga hoto, mai ɗaruruwan ƙulle-ƙulle, zai gadar wa kowane zagaye 125 karkacewarsa. Minti goma da aka ɓata wajen sake zana jagora da hannu sun fi kowane saiti da za a taɓa daga baya amfani.

Wajen shirya hanyar, kura-kuran da ake yi kaɗan ne kuma su ne dai ake maimaitawa. Layin jagora yana da mafari da alkibla, kuma alkiblar ce ke yanke hukuncin gefen da fasali zai faɗa, dama ko hagu, ciki ko waje. In aka juya ta, kwalliyar da ya kamata ta kalli madubi sai ta kalli bango. Fasali kuma a zana shi a ainihin girmansa, a tabbata tsayinsa bai wuce kaurin katakon ba, a kuma san ko sifilin zurfi yana saman aikin ne ko a kan teburin inji. Kada a tura siririyar wuƙar gamawa ta ci ɗanyen katako: a fara kwashe nama da wuƙa mai shimfiɗaɗɗen baki, mataki-mataki, a bar kamar rabin milimita. Wannan ya fi muhimmanci a zagayayyen aiki, domin wuƙar da ke zagaya da'ira dole ta gamu da jijiyar katako ta kowace fuska, a kashi biyu cikin huɗu na zagayen tana tafiya ne gaba da jijiyar, kuma in abin da za ta ci ya yi yawa sai ta tsaga maimakon ta yanka. Wuraren da ke shimfiɗe a cikin fasali su ma a bar wa wuƙa mai shimfiɗaɗɗen baki. Dalili shi ne tsinin mulmulalliyar wuƙa ba ya yanka, domin a daidai cibiyar juyi saurin yanka sifili ne. Wuƙa mai faɗin 6 da ke juyi 18,000 a minti tana yanka da saurin kusan mita 339 a minti a gefenta, amma in ta nutse milimita 0.2 kawai a shimfiɗa, faɗin da ke aiki bai wuce 2.2 ba, saurin ya faɗo zuwa kimanin mita 122, tsakiyar kuwa gurza kawai take yi.

Hanyar tana da inda take karyewa, kuma wanda bai san wuraren ba zai ɓata katako mai tsada. Mafi yawa shi ne cikin lanƙwasa. In fasali mai faɗin milimita 50 ya faɗa ta cikin kwanar da rabin faɗinta 30 ne, layukan da suka yi nisa da jagora fiye da 30 ba su da wurin zama, sai su harɗe su hau kan juna. Manhaja mai kyau za ta datse harɗewar, mara kyau za ta bi ta ta ƙwaƙule aikin, amma ko an datse, siffar da ta fito ba ita mai zane ya yi zato ba. Maganinsa a zane yake: a buɗe kwanar ko a rage fasalin. Haka kuma wuƙa ba ta shiga kwarin da ya fi ta ƙanƙanta. Bakin da rabin faɗinsa 3 ne ba zai fitar da kwari mai rabin faɗi 2 ba, kuma lungun da ke da kaifi sai an bi shi da wuƙa mai tsini. Abin da ya shige ƙarƙashin wani ɓangare kuwa, injin da ke saukowa daga sama kawai ba zai kai gare shi ba ko da wace hanya. In jagora ya bar fili guda ya shiga hawa da sauka yana lanƙwasa, sai wata tambaya ta taso: ina fasali zai fuskanta a kowane wuri? Tsohuwar amsa ita ce ta masanan lissafi na Faransa, Frenet a 1847 da Serret a 1851, wadda ke juya fasali zuwa inda layi ya lanƙwasa. Matsalarta ita ce inda layi ya miƙe babu lanƙwasar da za a bi, inda kuma ya sauya lanƙwasa daga dama zuwa hagu, fasalin yakan kife farat ɗaya. A 1975 Richard Bishop ya nuna wata hanyar ɗaukar fasali a kan layi ba tare da murɗawar da ba dole ba. Mai aiki ba ya buƙatar lissafin, amma yana buƙatar ya san cewa in ya ga kwalliyarsa ta murɗe a allo, ba injin ne ya lalace ba, zaɓin fuskantar fasali ne ke son gyara, ko a ƙara jagora na biyu da zai riƙe shi.

To, ga suka ta farko, kuma mai ƙarfi ce. Kafinta zai ce: me ya kai ni zagaye 125, alhali injin fitar da kwalliya mai wuƙar da aka wasa a kan fasalin zai gama a wucewa ɗaya? Gaskiyarsa. Kwalliya miƙaƙƙiya mai tsawon mita 3, in aka bi ta sau 125 a saurin da muka ambata, sama da awa biyu ke nan, injin kwalliya kuwa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka zai tura ta. Duk wanda ke da odar ɗaruruwan mitoci na miƙaƙƙiyar kwalliya ya ɗora ta a kan CNC, ya yi asara da gangan. Amma a dubi inda wannan suka ta tsaya. Wuƙar fasali ɗaya fasali ɗaya take yi, kuma sai an biya an wasa ta. In abin da ake so mita biyu ne don a gyara tsohuwar ƙofa, kuɗin wuƙar ya fi na aikin. In ƙofar mai baka ce a sama, ko firam ɗin mai siffar ƙwai ne, ko kwalliyar tana siranta tana tafiya, injin da ke tura katako a miƙe ba shi da abin cewa. A shagon da ya san abin da yake yi, miƙaƙƙun sassa su tafi injin kwalliya, bakan ya tafi CNC, kuma duka biyun daga zanen fasali guda, don su haɗu ba tare da gaɓa ta nuna ba.

Suka ta biyu daga injiniyoyi take zuwa. Za su ce wannan tsohon yayi ne daga zamanin da kwamfuta ba ta iya ɗaukar cikakkiyar sura. Yau akwai dabarun da ke daidaita tsayin tudu a ko'ina, da masu bin kwararar farfajiya, da masu rikiɗa daga layi zuwa layi, a Mastercam ɗin kanta da Fusion da PowerMill. Ban musa ba, kuma a aikin ƙarfe mai sarƙaƙiya, kamar mazubin roba da farfajiyoyi da yawa suka haɗu a cikinsa, su ne abin amfani. Amma a tambaya: me waɗannan dabaru suke ƙoƙarin yi idan aka ba su siffar da aka ja? Suna ƙoƙarin gano jagora da fasalin da mai zane ya riga ya sani, daga surar da aka gina da su. In surar tsabtatacciya ce, za su gano, sakamakon ya yi kusa da na jan fasali, wanda hakan shaida ce gare shi. In kuwa surar ragar alwatika ce irin ta fayil ɗin STL, babu sauran da'ira a cikinta, sai dubban ƙananan fuskoki, kuma wuƙa za ta kwafi fuskokin nan a jikin aiki da aminci. Ga kuma batun gyara. Wanda ya ba da aikin ya dawo ya ce a ƙara zurfin kwarin da milimita 2: a jan fasali layi ɗaya za a taɓa a sake lissafi. Darajar hanyar ba ta dogara da raunin tsofaffin kwamfutoci ba, ta dogara ne da cewa layi biyu sun ƙunshi dukkan bayanin siffar, ba ragi ba ƙari.

Suka ta uku ita ce wadda na fi ɗauka da muhimmanci, domin tana taɓa lafiyar inji da ta mutum. Hanyar da aka gina daga layi biyu, layi biyun kawai ta sani. Ba ta san akwai maƙalin da ya danne katako a kan hanyarta ba, ba ta san akwai wani tudu na aikin a gefe ba, ba ta kuma san ko abin riƙe wuƙa zai gogi bango in ta nutse ba. Dabarun da ke aiki da cikakkiyar sura suna iya duba wannan da kansu. A nan ba ni da amsar da za ta share sukar, sai dai sharaɗi: kada a aika hanyar jan fasali zuwa inji sai an kalle ta a kwaikwayon kwamfuta tare da katakon da maƙalan a wurarensu, an duba mashiga da mafita, sannan an gwada ta a iska, wuƙa na sama da aiki. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya tsaya a kai-komo ya sha samfefa, don ɓata lokaci ya fi karya wuƙa a fuskar mutum sauƙi. Sai dai hanyar tana da wani sauƙi da ya shafe mu a nan, inda wuta ke iya ɗaukewa a tsakiyar aiki: tun da kowane zagaye yana da zurfinsa da nisansa, kuma umarnin gajere ne da mutum zai iya karantawa, gano inda aka tsaya a ci gaba daga nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan lalube cikin layuka 200,000, in dai an dawo da sifilin inji daidai.

Abin da ya sa wannan hanya ba ta yaɗu yadda ya kamata ba, a ganina, yana wajen koyarwa. Sabon mai koyo yakan fara ne da saukar da surar da wani ya gina, ya danna kwashe nama, ya danna gamawa, ya ga abu ya fito, sai ya ɗauka ya iya. Ya koyi danna maɓalli, bai koyi kallon siffa ba. Alhali in ka zagaya shagon ƙofofi ka duba da kyau, bakin allon ƙofa, da kwalliyar baka, da hannun bene, da bakin tire, da ƙafar firam, duk fasali ne da aka ja a kan layi. A ƙarfe ma ramin zaman robar hana yoyo, da magudanar narkakkiyar roba a mazubi, da mulmulallen bakin faranti, haka suke. Furanni da ganyaye da rubutun ado da ke tsakiyar ƙofa su ne na kai-komo, kuma ba laifi a haɗa hanyoyin biyu a aiki guda, kowace a inda ta dace. Don haka kirana ga malaman kwalejojin fasaha da iyayen gidan shaguna shi ne, kafin ku nuna wa yaro jerin hanyoyin da ke cikin manhaja, ku miƙa masa guntun kwalliya da fensir, ku ce ya zana fasalinta da jagoranta a takarda, ya lissafa tsayin tudu a tazara biyu daban-daban. Sannan ku sa shi ya sassaƙa ƙaramin firam guda sau biyu, da kai-komo da jan fasali, ya rubuta mintocin kowanne, ya shafa musu banish ya ajiye su gefe da gefe.